Ƙurun da Ban Warware wa Zagaye Ba

Ƙamshin ruwan rake idan ya fara kauri a kan wuta ba ya kama da ƙamshin komai a duniya. Ranar kasuwar da ta wuce ina bayan mashin ɗin jikana, mun fito daga Kudan za mu Makarfi in duba tunkiya, sai iska ta kwaso min shi daga wata fadama. Na dafa kafaɗar yaron na ce ya tsaya. Na sauka na tsaya a bakin hanya ina shaƙa, kunnena kuma yana jiran abin da ya saba ji tare da wannan ƙamshi, wato takun kofato da kukan ƙarfe. Ban ji su ba. Sai ƙarar inji mai shan mai, da baƙin hayaƙi yana tashi.

"Tsoho, kwaɗayin mazarƙwaila ne ya motsa? Da waɗanne haƙoran?" in ji jikan nawa.

Na ce ya ja mu tafi. Ban iya mayar masa da wasan ba, domin abin da ya motsa min ba kwaɗayi ba ne. Wani laifi ne da na yi ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, na binne shi har gemuna ya yi fari. Yau nake so in tone shi. In ka gama karantawa ka ga dama ka zage ni, na cancanta.

Kai da ka tashi ka tarar da inji, bari in faɗa maka yadda ake matsar rake a lokacinmu. Ƙarafa ne uku masu kauri a tsaye, an kafa su a tsakiyar fili. A samansu an ɗora doguwar azara, a ƙarshen azarar an ɗaura doki. Doki ya yi ta zagaye, ƙarafa su yi ta juyawa, mutum yana zaune yana cusa musu rake, ruwan yana zuba a garwa. Daga nan sai babban kasko, a yi ta hura masa wuta da busasshiyar tuƙar raken, har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Daga an gama girbin dawa har zafi ya fara shigowa, aikin ke nan a gidanmu. Ƙudan zuma suna bin mu, hannuwanmu suna danƙo, rigunanmu duk sun kama ƙamshin.

Wurin matsar na kakana ne, mahaifin babana. Dokin ma nasa ne. Ƙuru ne, irin gajerun nan masu faɗin ƙirji da ba sa yin tsawo, ja mai farin goshi. Ba dokin ado ba ne. In ya tsaya kusa da dokin wani mai hali sai ka ce ɗansa ne. Amma shekara shida yana juya mana ƙarfe, da guminsa muke cin tuwo da rani, da shi kuma Kaka yake zuwa masallacin Juma'a. In ya jiyo tarin Kaka daga zaure sai ya yi haniniya ƙasa-ƙasa, kamar mai gaisuwa.

Dokin matsa hagu yake zagayawa, kullum hagu, tun safe har la'asar. Shi ya sa Kaka yake da wata ƙa'ida da ba ya wasa da ita. In an kwance ƙuru daga azara, sai an warware masa zagaye. Akwai wata tsamiya a bayan gari, kan hanyar rafi. A ja shi a zagaya ta ta hannun dama sau arba'in, sannan a miƙe da shi sambal zuwa rafi ya sha ruwa, a murza masa wuya da tafin hannu, a dawo da shi. Maƙwabta suna yi wa Kaka dariya, wai tsoho ya mayar da doki amarya. Shi kuwa sai ya ce, "Abin da aka naɗa da safe a warware shi da yamma. Rawani ma ke nan, balle wuyan mai rai."

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo sai ya danƙa min aikin. A gaban mutane ya kira ni ya sa min igiyar a hannu.

"Aboki," haka yake kirana, "matata dai na san kana neman ƙwace min, na haƙura. Amma wannan amana ce. Arba'in, ba talatin da tara ba."

Na ce to, Kaka. Kuma shekarar farko na yi, wallahi na yi, har da tsakuwa nake ƙirgawa, ina sauya musu aljihu.

A shekara ta biyu ne wani mutum ya zo garinmu da kekuna biyu na haya. Da la'asar yake fito da su fili, daidai lokacin da ake kwance ƙuru. Ba ni da ko kwabo, amma ina da ƙanzon kasko, wanda ake kankarowa bayan an juye mazarƙwaila, mai kekunan kuma Allah ya yi shi da son zaƙi. Ranar farko na ce zagaye ashirin ya isa. Kashegari goma. Kafin mako ya ƙare na daina gaba ɗaya. Sai in ɗaure ƙuru a gindin tsamiyar, in ruga filin keke, in dawo dab da magariba.

Da a ce sakaci ne kawai, da na fake da yarinta. Amma ji abin da nake yi. Sai in ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari in ba shi, in kwaɓa laka in shafa masa a ƙafafu har gwiwa, don a ga kamar daga rafi muke. Yaron da ya san ya shafa laka ya san abin da yake yi. Shi kuwa ƙuru, duk sanda na dawo sai in tarar ya yi ta zagaya tsamiyar ta hagu har igiyar ta naɗe, ya manne da itacen, kansa a karkace. Wato abin da aka ce in warware, ƙara naɗe shi nake yi.

Ba a yi wata uku ba alamu suka bayyana. Wuyansa ya sankare ya karkata hagu. Ƙafarsa ta gaba ta fara ɗingishi. In aka sake shi a tsakar gida sai ya kama zagaye shi kaɗai, ba azara ba bulala, ƙananan yara suna tafi suna dariya. Kaka ya ba shi kanwa, ya jiƙa masa sassaƙe, har ya kirawo wani mai maganin dabbobi ya ɗora masa ƙarfe mai zafi a wuya. Ni na riƙe igiya ranar. Na ji ƙaurin gashi, na ji yadda jikinsa yake rawa, na san ba ciwon da ake ƙonawa ba ne. Na ci gaba da riƙe igiyar.

Sai wata Juma'a Kaka ya hau shi za shi masallaci. A inda hanya ta bi ta gefen wani lambun albasa, ƙuru ya karkata hagu ya gangara, ya kama juyi a cikin lambun, Kaka ya subuce ya faɗo a kan ƙugunsa. A amalanke aka dawo da shi gida, babbar rigarsa ta Juma'a duk laka.

Babana ya tafi ci-rani a lokacin, baffana ƙaninsa ne yake riƙe da aikin matsar. Shi ya durƙusa gaban tabarmar Kaka ya ce, "Baba, dokin nan hajijiya ce ta shiga kansa, irin wadda ba ta jin magani. Yau ƙugu ne, gobe ba mu san me ba. A kai shi kasuwa tun yana tsaye da ƙafafunsa."

Ni Kaka ya sa aka kira.

"Aboki, kana warware masa?"

"Ina yi, Kaka."

"Arba'in?"

"Arba'in."

Ya dubi rufin ɗaki. "To, shi ke nan. Ciwo ne daga Allah."

Kakata mace, da muke kira Iya, ita ba a yi mata irin wannan. Ta tare ni a bayan madafi ta kama kunnena a hankali, ta dubi gwiwoyina da faɗuwar keke ta ƙuƙƙuje. Ta ce, "Maigidana, wannan ƙujewar ba ta mai jan doki ba ce. Kuma lakar rafinmu baƙa ce, wadda nake gani a ƙafar dabbar nan ja ce. In akwai magana a bakinka, ka kai ta inda ta dace tun kasuwa ba ta ci ba." Na sunkuyar da kai na zame. Ba ta tona ni ba. Na daɗe ina jin haushinta a kan haka, ina cewa da ta faɗa da ƙuru ya tsira. Ka ji rashin kunya! Ni da na ƙi buɗe bakina, wai ni ne nake jin haushin wadda ta buɗe min ƙofa na ƙi shiga.

Da Kaka ya ɗan iya zama sai ya ce shi ma za shi kasuwar, ba za a sayar da dokinsa a bayan idonsa ba. Aka ɗora shi a jaki. Ni na ja ƙuru tun daga gida har Makarfi, yana fizgar hannuna hagu ina dawo da shi hanya.

Ban taɓa ganin dawaki da yawa kamar ranar ba. Ga ingarmu daga Barno, masu wuya kamar turmi. Ga 'yan Azbin masu siraran ƙafafu, da ake cewa ba sa jin nisa. Ga wata goɗiya da duƙushinta yana laɓewa a bayanta. Wani fari tas, wani baƙi wuluk yana sheƙi, irin namu gajeru kuma an ware su can gefe. A zamanin sayen doki aikin rabin yini ne. Sai an buɗe baki an duba haƙora, an ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, an hau an je an dawo, an tambayi mai shi dalilin rabuwa. Mai shi kuma wajibi ne ya faɗi aibi, in ya ɓoye ya zubar da girmansa a kasuwar har abada. Kaka ya faɗa da bakinsa cewa dokinsa yana da hajijiya. Masu saye suka dudduba, suka ga yana juyi a kan turke, suka yi gaba.

Sai wani tsohon dillali, sa'an Kaka, bakinsa ja da goro, ya matso. Ya bi wuyan ƙuru da babban yatsa ta wannan gefe, ya bi ta wancan. Ya buɗe masa ido ya leƙa. Ya karɓi igiya daga hannuna ya ja shi dama. Ƙuru ya turje, ya turje, sannan ya yi taku uku.

"Malam," in ji dillalin, "wannan ba hajijiya ba ce. Idonsa garau yake. Dokin matsa ne da aka daina warware wa zagaye. Mayar da abinka gida, ka hutar da shi wata biyu, a riƙa jan sa dama safe da yamma, zai miƙe. Ni kaina na cuta da na faɗa maka, don la'adata ce ta tafi."

Na ga fuskar Kaka ta sauya. Ya ce, "Kai ne za ka koya min warware zagaye? Ni na koya wa garinmu. Ga mai yi nan tsaye, kullum arba'in."

"Yaro ne fa, Malam."

"Yaro ne, amma bai taɓa yi min ƙarya ba. Aboki, faɗa masa."

Kowa ya juyo ya dube ni. Ga hanyar tsira an shimfiɗa wa ƙuru, wata biyu kacal. Abin da zai same ni bai wuce tsumagiya goma ba, kwana biyu ta warke. Amma ba dukan nake tsoro ba. Tsoro nake kada Kaka ya daina ce min aboki.

Na ce, "Ina yi."

Dillalin ya daɗe yana kallona. Ya tofar da tuƙar goro gefe, ya mayar min da igiyar. "To, Allah ya fi mu sani," ya ce, ya tafi.

Wanda ya saye shi wani mutum ne mai wuraren matsa uku, wanda kowa ya san dawakinsa ba sa shekara biyu. Yana dariya ya ce, "Dokin da ba ya iya komai sai zagaye hagu? Ai ni shi nake nema. Ba Juma'a zan je da shi ba." Kaka ya san halinsa, ya yi ta jan magana ko wani zai taya, ba wanda ya taya. Rana ta karkata, Baffa ya ce a sallama. A al'adarmu ba a sayar da doki da ragamarsa, don haka Kaka ya sa aka matso da jakinsa, ya cire ta da hannunsa. Ya ɗora tafinsa a kan farin goshin nan ya faɗi wani abu da ban ji ba. Sannan ya miƙo min ragamar.

"Riƙe, aboki. Kai ka fi kowa wahala a kansa."

Ƙuru bai ga damina ba. Labari ya zo mana cewa a jikin azara ya faɗi, da rana tsaka, aka kwance shi aka ɗaura wani. Kaka bai sake hawa doki ba. Damina biyu ya ƙara a duniya yana dogara sanda, kuma duk inda aka taru ana maganar yaran zamani sai ya nuna ni ya ce, "In kuna neman mai amana, ga abokina." Ina wurin ranar da ya cika, na riƙe masa ƙoƙon ruwa, bakina a rufe. Iya kuwa ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da zuba min tuwo, ta yi min addu'a ranar aurena, amma daga ranar kasuwar nan har ta koma ga Allah ba ta ƙara ce min maigidana ba.

Yanzu ga ni na tsufa, kuma ba abin da yake tayar min da rai irin yadda ake yi da dawaki a ƙasar nan. Jikana ya nuna min a waya. Hotuna ne jere, wai ga ɗan Sudan, ga ɗan gida, ga ƙaramin da yara za su hau, kowanne an wanke shi an shafa masa mai. Mutum yana zaune a birni zai saya, bai buɗe baki ba, bai ɗaga kofato ba, bai tambayi dalilin rabuwa ba. Wa zai faɗi aibi a hoto? Samari su yi hayarsa ranar biki, su yi ta zabga masa bulala a kan kwalta har kofato ya tsage, su mayar da shi da kumfa a baki ba wanda ya ba shi ko ruwa. In ya tsufa ko ya gurgunce, sai a tara su a loda a babbar mota zuwa inda ake yanka su. Ni ban ga laifin mai ci ba, abincinsa ne. Wanda ya ci gumin dabba shekara da shekaru sannan ya miƙa ta kamar tsohon buhu, shi nake tuhuma. Ina faɗin haka a majalisa da ƙarfi, har a ce Malam ya fara. Amma duk sanda na ɗaga murya sai in ji harshena ya yi nauyi, don na san wanda ya fara shafa laka a ƙafar doki don a ga abin da ba shi ba.

To, ranar da nake ba ka labari, da muka isa Makarfi muka shiga wajen dabbobi, sai na hango dawaki biyar ko shida a can baya, duk ƙasusuwa a waje, suna jiran mota. A cikinsu akwai wani tsohon ƙuru. Ashe har yanzu akwai masu matsa da doki a lungunan fadama. Ba sai an faɗa min aikinsa ba. Yana zagaya turkensa ta hagu, igiya ta naɗe, kansa ya kusa taɓa ƙasa.

Na tambayi saurayin da yake tsaronsu, yana ta danna waya. Ya ce, "Baba, an riga an sayar. Mota muke jira."

Na ce, "Ba ni igiyar."

"Me za ka yi da ita?"

"Ba guduwa zan yi da shi ba, dubi ƙafafuna."

Ya kwance ya ba ni. Akwai wata darbejiya kusa. Na ja shi dama. Ya turje, na yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya taka. Wasu samari suka taru suna dariya, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. "Baba, kilisa za a yi? A kawo sirdi?" Ban kula su ba. Na tsinci tsakuwa ina sauya musu aljihu. Gwiwata tana ihu, numfashina yana sama. Wajen zagaye na talatin motar ta iso tana ta hon, saurayin ya taso zai karɓi igiya. Sai na ji muryar jikana, wanda ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, yana cewa, "Malam, ka bari ya gama." Bai san me nake gamawa ba, amma ya tsaya tsakanina da su.

A zagayen ƙarshe-ƙarshe na ji igiyar ta yi sauƙi a hannuna. Dabbar ta ɗan miƙe wuya, ta yi ajiyar zuciya. Na murza mata wuyan da tafin hannu kamar yadda aka koya min. Sannan suka karɓa suka tura ta cikin mota tare da sauran.

Ban sayi tunkiyar ba. A hanyar komawa, daidai fadamar nan mai ƙamshi, na sa yaron ya sake tsayawa, na faɗa masa komai, har da lakar. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai yi min wasa ba. Da muka isa gida ya tsaya yana kallon tsohuwar ragamar da take rataye a ɗakina tun yana rarrafe, wadda bai taɓa tambayar ta mene ce ba.

Arba'in na yi ranar, ba talatin da tara ba. Sai dai na makara da shekara sittin, kuma ba dokin ba ne.